Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Gidan Ruwan Challawa Da Amanar Zaman Tare

Gabatarwa

Duk wanda ya yi sammako a birnin Kano da kewayenta, tun kafin a sallame sallar asuba, zai tarar da wasu mutane iri biyu sun riga shi fitowa. Na farko su ne 'yan garuwa, kowanne ya sunkuya yana tura kura shaƙe da jarkoki, gumi na keto masa ko da kuwa ana muku-mukun sanyi. Na biyu yara ne, maza da mata, wasu ma da kayan makaranta a jikinsu, sun jera bokitai da robobi a gindin katangar wani mai hali, suna jiran a ta da inji a buɗe musu famfon waje. In ka bi yaran nan zuwa gidajen da suka fito, sau da yawa za ka iske akwai kan famfo a tsakar gida, ya yi tsatsa, har an ɗaura masa igiyar shanya, domin an manta rabon da ya ɗiga.

Abin ya zame mana jiki, har mun daina ganinsa. Alhali kuwa birnin nan yana cikin garuruwan farko a ƙasar nan da aka jawo wa ruwan famfo domin amfanin jama'ar gari, kuma gidan ruwansa na farko, wato na Challawa, ya doshi shekara ɗari da kafuwa. Hausawa na cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. Akan yi wannan karin magana ne ga ɗan tsakiya, wanda aka ba saƙon alheri ya kai, shi kuwa ya danne. To a wannan maƙala muna so mu bi tarihin gidan ruwan nan, mu gani shin rijiyar ce ta ƙafe, ko kuwa gugan ne ya hana. In kuwa gugan ne, to wane ne shi? Daga nan sai mu fuskanci tambayar da ta fi damunmu, wadda ita ce: mutumin da ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, har ma yana sam wa maƙwabta, shin ya fita haƙƙin gari ke nan, ko kuwa da sauran bashi a wuyansa?

Kafin zuwan famfo

Ba a kafa gari sai inda ruwa yake. Sunayen unguwannin Kano kaɗai sun isa shaida: ga Rijiya Biyu, ga Rijiya Huɗu, ga Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki, ga kuma Ƙofar Ruwa. Mutanen da sukan tuna wuri ne da rijiyarsa. Birni kuwa yana samun ruwa daga rijiyoyin cikin gida da na unguwa, da kududdufai, wato ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini waɗanda ruwan damina kan cika, sa'an nan da Jakara wadda ta ratsa gari ta gefen kasuwar Kurmi.

Kada mu ruɗi kanmu da cewa zamanin nan na jin daɗi ne zalla. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya yaba da kasuwancinta da masaƙanta da marinanta, amma ya koka da ruwan da ke kwance a tsakiyar gari da irin cutar da yake haifarwa. Rijiya takan yi kusa da masai. Wata ruwanta zartsi ne, wata kuma da bazara ta tsaya sai ta koma laka. Ciwon ciki da zazzaɓi sun ci yara ba adadi. Kurkunu, wanda ake ɗauka daga ruwan tafki, ya sha kwantar da manomi daidai lokacin da ya kamata a ce yana gona, kuma sai a shekarar 2013 ne aka tabbatar wa Nijeriya ta rabu da shi.

Duk da haka akwai wani abu guda da ruwan rijiya yake da shi, wanda ya kamata mu riƙe a zuci kafin mu ci gaba. Komai nasa a fili yake. An san wanda ya haƙa rijiyar, ko kakan wa ya haƙa ta. In ta cushe an san za a haɗa kuɗi ko ƙarfi a yashe ta. In guga ya faɗa, an san gidan da ake aron ƙugiya. Wanda ya zura guga mai dauɗa, idon mutane na kansa, kuma kafin ya juya dattijuwar unguwa ta wanke shi tas. Kunya ce take gadin ruwa. Haka kuma mai hali yakan kafa randa da moɗa a ƙofar gida domin masu wucewa, baƙo kuwa ba a tambayarsa abin da ke tafe da shi sai ya sha ruwa. Mai bayarwa da mai karɓa suna ganin juna ido da ido, saboda haka kowa ya san abin da ke kansa.

Yadda ruwan Challawa ya shigo birni

Turawa sun ci Kano a 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, baƙi suka yi ta kwararowa, gari ya fara fin ƙarfin rijiyoyinsa. A wannan zamani ne aka tsara baitulmalin En'e, inda ake tara rabon hukumar gargajiya daga haraji da jangali, kuma baitulmalin Kano ya fi na kowace masarauta a Arewa ƙarfi, har rarar kuɗi ta taru a cikinsa.

Da Sarki Abdullahi Bayero ya hau gadon sarauta a 1926, ba a jima ba aka ɗauko maganar a yi amfani da wannan rara a jawo wa birni ruwa da wutar lantarki. Ma'aikatar ayyuka ta gwamnatin Turawa da ke Ikko ba ta so ba, tana ganin aikin ya fi ƙarfin En'e. Amma aka dage, aka fara aiki a ƙarshen shekarun 1920. Aka kafa injuna a bakin kogin Challawa, wajen Panshekara, kimanin mil goma kudu maso yamma da birni. Aka shimfiɗa bututu ya ratso daji da gonaki, aka fasa badala ya shigo, wurin da har yau ake kira Ƙofar Famfo, aka hau da ruwan kan Goron Dutse inda aka gina ma'ajiyarsa. Zuwa farkon shekarun 1930 ruwan Challawa yana gudana a cikin birni. Kamar yadda aka yi wa makarantar boko da asibiti, shi ma ba kowa ne ya karɓe shi hannu bibbiyu da farko ba, domin abu ne da ya zo ta hannun Nasara. Sannu a hankali aka saba, har ya zama ɗan birni yana yi wa ɗan ƙauye gori da ruwan famfo.

A nan akwai wata gaskiya da ba mu cika faɗa ba. Kuɗin da aka yi aikin nan da su ba daga Ingila aka kawo su ba, ba kuma daga aljihun wani attajiri suka fito ba. Harajin talakawan ƙasar Kano ne, da jangalin Fulani. Manomin Rano da na Ɗambatta da na Gaya, wanda ya sayar da damin gero ko akuya ya biya haraji don kada a ɗaure shi a ƙofar dagaci, shi ne ya sayi bututun nan, kuma galibinsu sun koma ga Allah ba su taɓa kurɓar ruwan ba. Wato tun ranar farko ɗan birni yana shan ruwan da wasu suka biya, waɗanda bai san su ba, ba su san shi ba. Wannan shi ne sabon abin da gidan ruwa ya kawo cikin zamanmu: alheri tsakanin mutanen da ba za su taɓa haɗuwa ba. Rijiya ta haɗa unguwa, bututu kuwa ya ɗaure gari guda da ƙauyukansa, ya kuma ɗaure waɗanda suka shuɗe da waɗanda ba a haifa ba.

Abin da bututu yake koyarwa

Ya kamata mu ɗan tsaya mu dubi yadda gidan ruwa yake aiki, domin a cikin aikin nasa ne amsar tambayarmu take. Ana jawo ruwan kogi da injuna, ja wur da shi musamman da damina. A zuba masa alif, dauɗar da ke yawo a ciki ta dunƙule ta kwanta. A tace shi ta cikin yashi, a sa masa sinadarin kulorin domin kashe ƙwayoyin cuta, sa'an nan wasu injunan su tura shi sama zuwa tanki a kan dutse. Daga can babu mai tura shi sai nauyinsa, shi yake gangarowa da kansa ya bi manyan bututai zuwa ƙanana har ya isa tsakar gidan mutum. Kowane mataki yana bukatar wuta, da magani, da ma'aikacin da zai kwana a farke yana duba ma'auni alhali gari na barci.

Abin lura shi ne, ruwan da ke cikin bututan gari duk jiki ɗaya ne. In wani ya fasa bututu a Gwale ya bar shi yana malala, ƙarfin ruwa zai ragu ga wanda ke can gaba da shi. In wani ya ɗaura ɗan injinsa a kan layi yana zuƙa zuwa tankin gidansa, na ƙarshen layi iska kawai zai ji tana huci a famfo. Mafi muni kuma, muddin bututu yana cike, ruwa ne yake tsartowa waje ta inda ya tsage, amma da zarar ya zama fanko, sai ruwan kwatar da ya ratsa ta ciki ya sami hanyar shiga, ranar da aka sako ruwa ya kwashi ƙazantar ya kai gidajen mutane. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Saboda haka a tsarin famfo babu abin da mutum zai yi a ce kansa kaɗai ya yi wa. Wanda ya gyara ya gyara wa dubbai, wanda ya ɓata ya ɓata musu, kuma ba zai ga fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba.

To a nan ne gizo yake saƙar. Kunyar da take gadin rijiya ba ta biyo bututu ba, domin kunya sai da ido. Da mai bayarwa ya ɓace mana, sai muka sa wa ruwan suna kayan gwamnati, kuma kowa ya san abin da wannan kalma take nufi a bakinmu, wato abin da ba shi da mai shi. Mutumin da ba zai taɓa tofa yawu a rijiyar unguwa ba, shi ne zai wuce fasasshen bututu wata guda yana tsallakawa, bai ga ya shafe shi ba. Mun karɓi sabon abu, amma ba mu yi masa sabuwar tarbiyya ba.

Kowa ya yi ta kansa

Ba a tsaya a kan aikin farko ba. An faɗaɗa gidan ruwan Challawa fiye da sau ɗaya. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙi jihar daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, aka kammala ta a 1974. A 1992 aka gama madatsar Challawa ta wajen Ƙaraye. Aka gina gidan ruwan Tamburawa, aka gina na Watari. Ruwan da ke kwance a bayan waɗannan madatsu ba kaɗan ba ne. Ke nan rijiya ta bayar.

Sai dai gari ya yi gudun da bututu bai cim masa ba. Birnin da bai wuce mutum dubu ɗari ba lokacin da aka kunna injunan farko, yau ana ƙiyasin mazaunansa sun haura miliyan huɗu. Unguwanni sun tsiro a inda gonaki suke, babu tsari, babu layin ruwa. Tsofaffin bututai sun ruɓe a ƙarƙashin ƙasa, masu aikin hanya sun tsinka wasu. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, inji kuwa ba ya tafiya da fatan alheri. Masana'antu, musamman na jima, sun daɗe suna sako dagwalonsu cikin kogin Challawa ɗin kansa. Hukumomi suna da kaso mafi girma na wannan laifi, ba mu da niyyar wanke su. An sha yin alkawari a kan dandamali, an sha ware kuɗi a takarda, famfo yana nan a bushe. Wanda aka ba amanar dukiyar jama'a ya yi wasa da ita, hisabinsa daban ne.

Amma mu fa, me muka yi da ruwa ya ɗauke? Kowa ya yi ta kansa. Mai ƙarfi ya kira masu injin haƙa, cikin kwana biyu ya sami burtsatse, ya ɗora tanki a sama, ya sayi janareto ko farantan hasken rana. Mai matsakaicin hali ya ƙulla da ɗan garuwa, na sha kuma ya sayi ruwan leda. Wanda ba shi da ko ɗaya ya tura 'ya'yansa layi, ko ya koma wa tsohuwar rijiyar da ke kusa da masai. Babu wanda za a zarga don ya nema wa iyalinsa ruwa, wajibi ne a kansa. Sai dai mu dubi abin da ya biyo baya. Waɗanda suka fara ficewa daga layin gari su ne masu murya, wato manyan ma'aikata da attajirai da malamai da 'yan jarida, har da mu marubuta. Su ne da a ce famfonsu ya bushe kwana uku za su iya ɗaga waya a ji. Da suka sami mafita sai suka yi shiru, gidan ruwa ya rasa masu biyansa, ya kuma rasa masu tsawata masa. Aka bar shi da waɗanda kukansu ba ya wuce zaure.

Sakamakon haka kuwa abin kunya ne. Talakan da yake sayen jarka ɗaya-ɗaya yana biyan kowace lita ninkin-ba-ninkin abin da mai famfo yake biya, ga shi kuma bai san daga inda aka ɗebo ba. Yarinyar da ta yi awa biyu a layi ta isa aji a makare, a gajiye. Ita kanta burtsatsen ba daga wata taska ta dabam take sha ba. Ƙasar Kano a kan dutse take zaune, ruwan da ke ƙarƙashinta yana da iyaka, kuma in mai hali ya zurfafa tasa, rijiyar maƙwabcinsa mai gajeren zango ita take fara ƙafewa. Cuta kuwa ba ta san katanga ba. A shekarar 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu, Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Mai burtsatse yana cin abincin da aka dafa a waje, 'ya'yansa suna zama benci ɗaya da 'ya'yan masu layi, mai yi masa aikin gida daga can take zuwa kullum safiya.

Tsakanin sadaka da haƙƙi

Wani zai ce, to ai ni ban rufe ƙofata ba, na fito da kan famfo waje, safe da yamma unguwa tana ɗiba kyauta. Wannan gaskiya ne, kuma alheri ne babba. Ba don irin waɗannan bayin Allah ba, da wasu unguwannin sun tashi. Ita ce tsohuwar randar ƙofar gida ta dawo da sabuwar kama, kuma muna roƙon Allah ya saka musu.

Amma mu tambayi kanmu, a hannun wa makulli yake? Mun sha gani a unguwanninmu, ranar da man fetur ya yi tsada famfon waje yakan yi shiru. Ranar da yara suka yi faɗa a layi, ko suka ɓata jikin katanga, maigida yakan yi fushi ya rufe mako guda. Ranar da aka yi saɓanin siyasa, akwai gidan da yaransa ba sa iya zuwa. Magidancin da iyalinsa ke sha daga katangar wani ba ya iya ɗaga ido ya faɗa masa gaskiya a taron unguwa, ko da ya ga ya kauce. Ya sami ruwa, amma ya ba da wani abu a madadinsa wanda ba a rubuta ba. Labarin da muke ba yara na rijiyar Kusugu ta Daura, inda maciji ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, yana nuna cewa tun tuni kakanninmu suka gane wanda ya riƙe bakin rijiya ya riƙe wuyan gari. Ba dole sai mai riƙon ya kasance mugu ba. Ko da mutumin kirki ne, gari yana hannunsa.

Akwai misali a tarihin Musulunci da ya bambance mana abubuwan nan biyu. Lokacin da Musulmi suka yi ƙaura zuwa Madina sun sami ƙarancin ruwan daɗi, ga kuma rijiyar Ruma wadda mai ita yake sayar da ruwanta. Sayyidina Usman ɗan Affan ya saye ta ya mai da ita waƙafi. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, bai riƙe ta yana rabawa da hannunsa don a riƙa gode masa ba. Ya fitar da ita daga mulkinsa baki ɗaya, ya zama shi ma in yana son ruwa sai ya zura gugansa kamar kowa. Mai ɗiba ba ya bukatar ya rusuna wa kowa. Gidan ruwa na gari, in yana aiki yadda ya kamata, irin wannan ne. Bazawarar da ke lungu tana buɗe famfonta da tsakar dare ba tare da ta nemi izinin wani ba, kuma ruwan da ya zo mata shi ne ya je gidan hakimi. Sadaka tana kashe ƙishirwar yau, amma ba ta mayar wa mutum wannan 'yanci. Shi ya sa muke ganin mai burtsatse, duk da alherinsa, bai gama biyan abin da ke kansa ba.

Shin ruwa abin sayarwa ne?

Wani kuma zai taso ta ɗaya gefen ya ce, ruwa kyautar Allah ne, don me za a ce in biya? Wannan magana ba yau aka fara ta ba. A Ikko, tun ana shirin gidan ruwan Iju wanda aka buɗe a 1915, mutanen gari suka yi ta adawa da kuɗin ruwa, har ta kai su ga bore a 1916, domin suna ganin za a tatse su ne a shayar da unguwar Turawa. Suna da hujja, domin ba a tilasta wa mutum biyan abin da ba ya zuwa masa. Haka nan duk wanda aka kawo wa takardar kuɗin ruwa alhali famfonsa ya shekara a bushe, yana da ikon ya yi ƙorafi.

Amma malamanmu na fiƙihu tun da daɗewa sun raba tsakanin ruwan da ke gudana a kogi, wanda kowa yake da rabo a ciki, da ruwan da mutum ya wahala ya ɗebo ya zuba a mazubinsa, wanda ya halatta ya sayar, tare da cewa ba a hana mai tsananin ƙishirwa abin da zai ceci ransa. Kogin Challawa kyauta ne, har gobe wanda ya so ya je Panshekara da tulunsa. Abin da ake biya shi ne alif da kulorin da wuta da albashin mai kwana a gaban inji. Majalisar Ɗinkin Duniya ma da ta amince a 2010 cewa tsaftataccen ruwa haƙƙi ne na ɗan'adam, abin da ake nufi shi ne ya samu ga kowa a kan farashin da ba zai gagare shi ba. Mu da muke cewa ba za mu biya ba, ai muna biya kullum, ga ɗan garuwa da mai ruwan leda da mai sayar da man janareto da kuma kantin magani. Abin da muka ƙi shi ne mu biya tare, a asusu ɗaya, sa'an nan mu tsaya tare mu tambayi inda kuɗin suka shiga. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kammalawa

Mun tambaya tun farko wane ne guga. Amsar da muka iso gare ta ba mai daɗi ba ce. Jami'in da ya karkatar da kuɗin magani guga ne. Mai masana'antar da ya sako dagwalo cikin kogi guga ne. Wanda ya ɗaura inji a kan layi, da wanda ya ƙi biya alhali ruwa na zuwa masa, su ma haka. Sa'an nan akwai mu, waɗanda ba mu saci komai ba, ba mu fasa komai ba, muka dai sami namu muka yi shiru. Manomin da ya sayar da akuyarsa shekara casa'in da wani abu da suka wuce ya shayar da kakanninmu bai san su ba. Bashin nan ba shi za mu mayar wa ba, ya riga ya tafi. Waɗanda za mu biya su ne yaran da ke tsaye a layi da asuba, da waɗanda za a haifa a unguwannin da bututu bai kai ba, da ƙauyukan da har yanzu suke sha tare da dabbobinsu. Hanyar biya kuwa a fili take: kada mai burtsatse ya yanke alaƙa da layin gari, ya ci gaba da neman a kawo, ya biya in an kawo, ya kai rahoton bututun da ya fashe, ya kuma sa maganar ruwa a gaban duk wanda ya zo neman ƙuri'arsa, ya tuna masa bayan ya hau.

Mu marubuta kuma muna da namu kason na musamman. Mun ce kunya sai da ido, kuma ciwon gidan ruwa shi ne ya haɗa mutanen da ba sa ganin juna. To aikin alƙalami ke nan, ya nuna wa mutum fuskar wanda bai taɓa gani ba. Littattafanmu sun cika da falo mai sanyi da motoci masu numfashi, jaruma takan shiga wanka ta fito ba tare da an taɓa gaya mana daga ina ruwan ya zo ba. Ina labarin ɗan garuwan da ya baro ƙauyensu da rani, yana tura jarka goma sha biyu a yashi, shi kuwa ba ya samun na wanka? Ina labarin tsohon ma'aikacin Panshekara da ya san kukan kowane inji kamar na 'ya'yansa? Ina na yarinyar da ta faɗi jarrabawa saboda layi? Muna kira ga 'yan'uwa, musamman masu tasowa, wanda duk yake neman abin rubutawa ya tashi gobe da asuba ya je bakin famfon unguwarsu ya tsaya, ya taya wani yaro ɗora bokiti, ya tambaye shi sunansa da gidansu. Hausawa sun ce ba baƙo ruwa ka sha labari.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da muka gada, ya sa mu miƙa ta ga na bayanmu ba tare da ta zube a hannunmu ba, amin.